Madam Farke ta Karu

Duk wanda ya san Gwaggo Talatu ya san ba a gaisawa da ita a wuce salin alin. Kana cewa "Ina kwana," bakinta na cewa "Lafiya lau," hannunta kuwa tuni ya kai bakin rigarka ya juya ta, tana duba ɗinkin ciki. Ba ta kallon fuskarka sai ta gama da kalmasa. In ɗinkin ya yi, ta sake ka ta ce, "Yaya mutan gidan?" In bai yi ba, ta ja ɗan siririn tsakin nan nata ta ce, "Wa ya yi maka wannan aika-aika?" Ku da kuka zauna a ajinta kun sha wannan, ba sai na faɗa muku ba. Amma kada ku ɗauka ku kaɗai ne. Mu 'yan gida mun riga ku sha, kuma mu ba a taɓa yaye mu ba.

Ni 'yar wanta ce. Sunana Hadiza, amma ita Dije take ce mini tun ina goye, har na haifi nawa 'ya'yan ba ta sauya ba. Na zo wurinta Abuja yin bautar ƙasa jim kaɗan bayan soja sun koma bariki, na sami aiki a ma'aikata, na zauna a gidanta na Garki har aka kai ni ɗakina. Saboda haka abin da zan faɗa muku, ganau ce ni ba jiyau ba.

Ranar da Bashir, wanda yanzu shi ne uban 'ya'yana, zai fara zuwa gaishe ta, sai da na gargaɗe shi. Na ce ya sa tufar da ya fi yarda da ita. Bawan Allah ya je ya yi sabon ɗinki musamman, shadda ruwan ƙasa, ta sha sitaci har tana ƙara in ya motsa. Ya shigo falo ya durƙusa. Bai kai ƙarshen "Barka da yamma" ba ta kama hannun rigar ta juya.

"Samari, wa ya yi maka ɗinki?"

"Wani ne a kasuwar Wuse, Hajiya."

"Kuna gaisawa?"

"Muna gaisawa, Hajiya."

"To ka daina."

Bashir ya yi murmushi, gumi na tsattsafo masa. Ya sha lemonsa, ya yi sallama. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, ta kore mini shi. Da na dawo daga rakiya na ce, "Gwaggo, yaya kika gan shi?"

Ta ce, "Aure shi. Mutumin da aka yi wa wannan ɗinki, ya karɓa, ya sa, ya fito bainar jama'a yana murmushi, ba abin da za ki yi masa ya yi fushi."

Kuma wallahi ba ta yi ƙarya ba.

Da yawanku a tsufanta kuka san ta, bari in ɗan koma baya. Gwaggo ta yi karatun zane da rini da saƙa a Zariya, a zamanin da ba kasafai ake ganin mace a wannan fanni ba. Ta koyar a makarantun 'yan mata shekara da shekaru. Da aka dawo da ma'aikatu Abuja aka taso da mijinta, Baba Sani, ta biyo shi. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma shi bai daɗe a garin ba ya rasu. Tana gama takaba ta fitar da motarsa daga gareji, ta shigar da keken ɗinki da teburin yanka. Daga garejin nan komai ya fara.

Da sunanta ya fara fita, wani ɗan'uwanmu ya je gida ya ce wa Inna, mahaifiyarta, "Ai Talatu ta zama babbar fashin dizaina a Abuja." Tsohuwa ta dafe ƙirji. "Fashi? Talatun? Da wane ƙarfin?" Aka yi ta yi mata bayani, ɗinki ne, zanen kayan sawa ne. Ta ce, "To ku ce tela mana, kun kaɗa mini hanta!" Da labarin ya dawo wa Gwaggo ta yi dariya har da hawaye, amma ba ta karɓi sunan ba. Ta ce, "Tela yana ɗinka abin da aka ce masa. Ni abin da ya kamata nake ɗinkawa." Dizainar ma ba ta so. In an tambaye ta sana'arta sai ta ce malama ce.

Ita kanta kuwa, matar da ke yi wa rabin garin ado, ɗinki ɗaya take sawa shekara da shekaru: doguwar riga shuɗiya mai manyan aljihu biyu, ɗaya na alli, ɗaya na goro. In ɗaya ta tsufa ta yanka wata irinta sak. Na taɓa cewa, "Gwaggo, ko don Sallah ki sauya mana." Ta ce, "Wanzami ba ya son jarfa. Miƙo mini almakashi."

Shekarun nan kun san yadda garin ya kasance. Siyasa ta dawo, wayar salula ta shigo, ko'ina ka duba gini ake. Kowane ƙarshen mako in ba biki ba walimar naɗi, in ba walima ba taron taya murna, kuma ba mai maimaita kaya. Motoci sukan yi layi a ƙofar garejin har maƙwabta su rasa wurin fita. Matan manya su shigo da leshi da shadda a jaka, direba na biye da wata jakar. Wata ta zo da hoton da ta yago daga mujalla ta ce irin wannan take so. Gwaggo ta dubi hoton, ta dubi matar, ta ce, "Rigar zan iya. Jikin ne ba ni da shi a shago."

Akwai wata, matar wani onarabul, ba zan kama suna ba don tana nan da ranta, kuma har ta'aziyya ta zo ta yi kuka da mu. Ta shigo rannan da leshi mai duwatsu, irin wanda sai an sa hannu biyu ake ɗaga shi. Gwaggo ta ciro tef ɗin awo daga wuyanta.

"A'a Madam, ba sai kin auna ba. Ai awona yana wurinki."

"Awon yana nan. Jikin ne ya yi gaba."

"Haba Madam! Ni ban ƙara ko kaɗan ba. Kowa ma cewa yake na rame."

"Kowa yana neman alfarma wurin maigidanki. Wancan awon kafin zaɓe aka yi shi, Hajiya. Tef kuwa ba ɗan siyasa ba ne, abin da ya gani shi yake faɗa."

Ni ina gefe ina guga, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Hajiya ta tattara leshinta, ta ce garin nan ba Madam kaɗai ke da keke ba. Gwaggo ta ce, "Gaskiya ne. Allah ya kiyaye hanya." Ta koma kan yankanta.

Na ce, "Gwaggo, kin san fa ƙawayenta duk ta hannunta suke zuwa."

Ta ce, "Za ta dawo. Zif bai san onarabul ba."

Matar ta kai wa wani ya ɗinka mata bisa tsohon awo, yadda take so. Ranar walimar, in ji waɗanda suka je, ta miƙe za ta yi liƙi, zif ya ce ga garinku nan, tun daga wuya har ƙugu. Da mayafin wata ƙawarta aka rufe ta aka kai ta mota. Ba a jima ba sai ga ta a gareji, ba direba, ba jaka, sai wani sabon yadi a leda. Na zuba ido in ga yadda Gwaggo za ta rama. Ko kalma! Cewa ta yi, "Sannu da zuwa, Hajiya. Ɗaga hannu." Ta auna ta tsaf, ta yanka mata doguwar riga mai saukowa daga kafaɗa ba tare da ta kama ko'ina ba, ta tara aikin duka a wuya da bakin hannu. Ranar gwaji matar ta tsaya gaban madubi ta kasa tafiya. Can ta rage murya ta ce, "Madam, wai nawa tef ɗin ya ce?"

"Wannan tsakanina da shi ne. Ke dai sa rigarki."

Har Gwaggo ta koma ga Allah ban taɓa jin ta faɗi awon wata a gaban wata ba.

Da abin hannu ya samu, ƙawayenta suka yi ta ba ta shawara ta nemi wuri a unguwar manya ta buɗe shago mai gilashi. Ita kuwa ta tsallaka Karu ta kama hayar wani gini, ta zuba kekuna, ta shafa baƙin fenti a bango ɗaya ya zama allo, ta ce makaranta ce. Ta kwashi 'yan mata da zawarawa da 'yan samari ƙalilan, Hausawa da Gbagyi da Tibi da Ibo, kowa da irin Hausarsa, in Hausar ta ƙare a koma Turancin buroka.

A nan ta sami sunanta. Ɗalibi zai wuni yana haɗa hannun riga, ya kawo yana jin daɗi. Ta ɗaga a haske, ta juya, ta miƙa masa reza. "Farke." Ba faɗa, ba ɗaga murya. Ka sake ɗinkawa, ka kawo. "Farke." Watannin farko ma ba ka taɓa keke: zane a takarda, allura da zare, sai yankan tsohuwar jarida har hannunka ya san almakashi. Kuma ta san kuna ce mata Madam Farke, kada ku yaudari kanku. Wata rana ta ce mini, "Gara Madam Farke da Madam Ba Komai."

Rahila, wadda ke riƙe da makarantar yanzu, tana cikin 'yan farko. Rannan ta koma gida Dutsen Alhaji tana kuka, ta ce ita ta gaji. Washegari sai ga uwarta, Mama Asabe, manomiya mai sayar da doya. Ta shigo har cikin aji da ƙwaryarta a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, don su ba sa ɗora wa kai komai. Ta sauke, ta riƙe ƙugu.

"Madam, yarinya na ya zo koyon ɗinki ne ko koyon farkewa? Kullum farke, farke. Yaushe zai ɗinka?"

Gwaggo ta matso kusa da ita. Idonta na kan kafaɗar matar, inda rigar ta cinye har fata na leƙowa, alhali sauran rigar sabuwa ce fil.

"Duk rigunanki a nan suke mutuwa?"

"Duka. Kaya ne yana ci shi."

"Zauna."

"Ni faɗa na zo yi, Madam."

"Za ki yi. Zauna tukuna in auna ki."

Faɗan da ba a yi ba ke nan har yau. Gwaggo ta bi matar nan har gona da kasuwa, tana kallon yadda take ɗaga kaya da yadda take saukewa. Ta dawo ta zana riga mai ninkin kafaɗa, a cusa ƙyalle a ciki a bi da ɗinki layi-layi, ga faɗin hammata don hannu ya ɗagu ba takura. Ta sa Rahila ta ɗinka wa uwarta. Sai da yarinyar ta farke kafaɗar nan har ta daina ƙirgawa, wannan karon kuwa uwar ce tsaye a kanta tana cewa, "Madam ya ce farke, ki farke!"

Ƙyallen cusawa kuwa Gwaggo ba ta rasa shi ba, don ba ta taɓa zubar da ko mai faɗin tafin hannu ba. Ɗakin da nake kwana a Garki, rabinsa buhunan ƙyalle ne. In na yi ƙorafi ta ce, "Ƙyalle ba shara ba ne, Dije. Yadi ne da bai gamu da ɗan'uwansa ba." Amma ba ta ɗaukar na kowa a ɓoye. In ta gama wa mace ɗinki sai ta ɗago ragowar.

"Hajiya, ga sauran yadinki."

"Me zan yi da shi, Madam? Zubar."

"Kin yafe?"

"Na yafe."

"Dije, kin ji ko?"

Haka na zama shaidar buhu-buhun yafiya, ban san ranar da za a kira ni ba.

Ranar ta zo da aka gayyace ta baje kolin kayan sawa a wani babban otal. Mai shirya taron, wani matashi mai waya a kowane hannu, ya zo ya ce zai turo mata 'yan matan da za su sa kayan su yi tafiya a dandamali, dogaye sirara, an horar da su.

Ta ce, "Sirara kamar yaya?"

Ya nuna mata hoto.

Ta ce, "Yaro, a ba su abinci tukuna. Ni ina da masu sa kayana."

Ta shafe watanni ita da ɗalibai suna zazzage buhunan nan, suna haɗa ƙyalle da ɗan'uwansa, leshi da saƙi, shadda da atamfa. Takan jera launuka a ƙasa, ta hau kujera ta kalle su daga sama, ta sauko ta ɗauke ɗaya ta mayar can gefe, ta sake hawa. Ni dai aikina riƙe kujera. Abin da ya fito ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ba don gwaggona ce ba. In ka hango daga nesa sai ka rantse yadi guda ne aka saƙa haka.

Masu sa kayan kuwa ɗalibanta ne, gajeru da dogaye, har da wata mai tsohon ciki, sai Mama Asabe da ƙawayenta na kasuwa. A bayan labule Mama Asabe ta tubure. Ta ce ita ba ta iya tafiya hannu na dukan cinya kamar marar aikin yi, sai an ba ta kayanta. Matashin nan ya kusa kuka.

"Madam, doya? A dandamali? Akwai jakadu a wurin nan fa!"

Gwaggo ta ce, "Jakadun ba sa cin doya? Rigar don kaya aka yi ta. Ba ta ƙwaryarta."

Aka saki kiɗa. Mama Asabe ta fito da doya a kafaɗa, tana tafiyarta ta zuwa kasuwa, ba ta kalli kowa ba. Nan take tafi ya ɓarke. Ana cikin tafin sai na ji wata a layin gaba ta ce, "La! Wancan ai leshin bikin ƙanwata ne!" Ta kusa da ita ta ce, "Ga shaddata ta Sallah a hannun rigar!" Kafin ka ce kwabo layin gaba duk ya miƙe, kowa na nuna nata. Da aka miƙa wa Gwaggo abin magana ta yi jawabi, ga jawabin nan gaba ɗayansa: "Na gode. Duk kun yafe. Dije ce shaida." Ta mayar musu da abinsu ta sauka.

Matan da suka ce a zubar, su suka yi rububin kayan a wurin. Mama Asabe ma ba ta koma gida da doya ko ɗaya ba.

Ba kullum ake dariya ba. Lokacin rusau ya zo, kun tuna, a wayi gari a ga an shafa wa gini jan fenti, alamar nan mai kama da buɗaɗɗen almakashi. Wata safiya na raka ta Karu muka tarar da alamar a bangon makaranta, ɗalibai sun yi cirko-cirko, wasu na kuka. Gwaggo ta sauko daga mota ta tsaya, ta daɗe tana kallo. Na matsa in riƙe ta, na ɗauka jiri ne zai ɗebe ta.

Ta ce, "Dije, dubi. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo."

"Gwaggo, rushe ginin fa za a yi."

"Na sani. Shi ne za a bar mini wannan karkataccen abu a bangon makarantar zane, masu wucewa su ce ɗalibaina ne?"

Ta aika aka sayo jan fenti, ta ɗauko doguwar rula, ta daidaita alamar da hannunta. Sannan ta ce kowa ya shiga aji.

Mun yi yawon ofis-ofis, ni da ita da Bashir. Ashe ginin yana kan hanyar da za a fitar. Wanda ya ba ta hayar bai sani ba, ko kuma ya sani bai faɗa ba, Allah masani. Matan da take yi wa ɗinki kowacce ta ce za ta yi wa oga magana. Maganar ba ta iso ba, katafila ta iso. Gwaggo ta riga ta sa an fitar da kekuna an jera su ƙarƙashin wani mangwaro a tsallaken titi, ta ce ranar karatu ce, ba wanda ya ba da hutu. Ana tura bango, ƙasa na girgiza, ita tana zagaya kekuna hannu a baya. Wata yarinya ta saki ɗinkinta ta zuba wa ginin ido tana hawaye. Gwaggo ta ɗauki abin da ke kan kekenta ta duba.

"Katafilar ce za ta haɗa miki wuyan rigar? Farke."

Muka shiga mota muka kama hanya har muka kusa Garki. Sannan ta ce, kamar mai magana da kanta, "Allon ne kawai bai ɗauku ba." A jikin bango yake, da zanen darasin jiya a kai. Iyakar abin da ta faɗa ke nan game da ginin, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Mama Asabe ce ta zo da mijinta suka ce akwai fili a bayan gidansu a Dutsen Alhaji, in Madam ba ta raina ba. Gwaggo ta ce raini ai sai mai zaɓi. Aka kafa rumfar kwano, daga baya aka yi bulo. Nisan bai hana ta ba, kullum tana hanya tana faɗa da cunkoson motoci. Sunan Karu dai ya bi ta, har yau wasu Madam ta Karu suke cewa, alhali ko tubalin wurin bai rage ba.

Ciwon da ya tafi da ita ya ɗan ja lokaci. Ranar da aka kwantar da ita a asibiti, nas ta kawo mata rigar marasa lafiya, irin mai buɗaɗɗen baya da 'yan igiyoyi. Gwaggo ta ɗaga ta da yatsa biyu.

"'Yata, ina sauran?"

"Haka take, Mama."

"Mutum na fama da ciwo, kuma a tona masa asiri ta baya?"

Nas ta yi dariya, ta ce haka ake yin ta ko'ina, don likita ya sami wurin dubawa. Gwaggo ta ce ta zauna ta nuna mata daidai inda likita ke bukata, da inda ake sa ƙarin ruwa, da inda ake ɗora abin sauraren ƙirji. Yarinyar ta nuna mata. Gwaggo ta ce in ba ta biro. Ta zana a bayan kwalin magani: riga mai naɗewa ta gefe kamar ɗaurin zane, kafaɗa na buɗewa da maɓalli, baya a rufe ruf. Ta ce in kira mata Rahila.

Da Rahila ta kawo rigar, Gwaggo ta ce ba za ta sa ba sai an yi wa kowa a ɗakin. A gadon da ke kusa da nata akwai wata tsohuwa daga wajen Bwari, wadda likita ya yi ta fama da ita ta tashi ta riƙa takawa, ta ƙi. Kowa ya ɗauka taurin kai ne. Ashe kunya ce, surukanta na zuwa dubiya, ba za ta miƙe a gabansu da wannan riga ba. Ɗalibai suka haɗa atamfa mai laushi suka ɗinka. Nas-nas suka ce su ba su ga laifi ba tunda aikinsu zai yiwu. Da likita ya shigo zagaye ya ga mata duk cikin atamfa iri ɗaya, tsohuwar nan kuma tana takawa a tsakiyar ɗaki riƙe da jikarta, sai ya ja ya tsaya a ƙofa.

"Ikon Allah! Biki ake yi a nan?"

Gwaggo, muryarta da ƙyar take fita, ta ce, "Anko ne, likita. Ba a gayyace ka ba, amma shigo."

A cikin rigar nan ta cika, da hantsi, ina riƙe da hannunta. Muna tattara kayanta tsohuwar ta sauko daga gado ta tako har inda nake, ta dafa ni. Hausarta ba ta da yawa. Ta ce, "Mama ɗin ki ya rufa mana asiri." Ban gyara mata ba, don ban ga inda ta yi kuskure ba.

Ya Allah, baiwarka Talatu ta ƙare rayuwarta tana suturta bayinka, masu shi da marasa shi. Ka suturta ta da rahamarka. Ka yafe mata kaifin harshe, ka san abin da ke ƙarƙashinsa. Ka yalwata mata kabarinta, ka sada ta da Inna da Baba Sani a gidan Aljanna. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.